Idan ruwa ya tsaya a garka, kada mu bar jaki mu daki taiki



Bara, cikin watan Fabrairu, zagayen aiki ya kai mu wani ƙauye a bakin Gulbin Kaba, cikin gundumar Mayahi. Matan ƙauyen suna da garka ta ƙungiya. Sun shuka salati, shu, albasa da tumatir. Ruwan garkar daga rijiyar zamani yake fitowa. Famfo mai aiki da hasken rana ne yake turo shi cikin tanki.

Mun tarar da su cikin damuwa. Kwana 5 ke nan famfo bai turo ko ɗigo ba. Salati ya kwanta, tumatir ya fara zubar da fure. Mata sun koma ɗauko ruwa a ka daga rijiyar gari, suna ceton abin da zai cetu. Wani mai gyaran rediyo ya zo ya duba, ya ce akwatin famfo ya ƙone, sai an sayo sabo daga Maraɗi. Har an fara karo-karo. Wata daga cikinsu ta sayar da akuyarta.

Bayan kwana 2 muka biyo ta nan kan hanyarmu ta komawa, muka iske ma'aikacin da ya san aikin ya iso. Bai buɗe akwati ba. Ya dubi ƴar fitilar da ke kunne a jikinsa, ya karanta rubutun da ke gefenta. Sannan ya bi wata siririyar waya daga akwati zuwa bakin rijiya. Bai yi nisa ba ya sunkuya. Ashe kusu ne ya gwaguyi wayar ta tsinke. Ya haɗa ta, ya naɗe, ruwa ya zubo. Aikin bai kai rabin sa'a ba. Amma salati ya riga ya tafi, akuya ma ta tafi.

Wannan shi ne Hausawa ke cewa an bar jaki ana dukan taiki. Ba a ƙauyen nan kaɗai muka ga irin haka ba. A ƙasar Tasawa da ta Mayahi mun sha ganin garka ta bushe saboda ƴar matsalar da idon mai lura zai iya ganowa. Ra'ayinmu shi ne, duk ƙungiyar da ke da famfon rana ta koyi bin sawun wuta da kanta, mataki-mataki, kafin ta yanke wa akwati ko famfo hukunci. Kuma ta san inda hannunta zai tsaya.

Daga guga zuwa hasken rana

Dattawanmu suna tune da farin shekarar 1984. Bayan wannan fari ne gwamnatin shugaba Seyni Kunce ta yi kira ga jama'a su rungumi noman rani. A lokacin, kayan aikin su ne guga da igiya da ƙarfin damtse. In igiya ta tsinke, kowa ya san yadda zai ƙulla ta. Daga baya injin fetur ya shigo, samari suka koyi kwance shi da ɗaura shi.

A shekarar 2023 Najeriya ta janye tallafin man fetur, kuɗin man da ke shigo mana ta iyaka ya hau. Wannan ya ƙara wa masu garake son famfon rana, wanda ba ya shan mai. Akwai ma na'urorin da ke buɗe ruwa su rufe da kansu. Wani ɗan ƙasarmu, Abdu Maman Kane, ya ƙirƙiro hanyar ban ruwa daga nesa da wayar salula. A shekarar 2015 ya samu babbar kyautar duniya kan ruwa, mai ɗauke da sunan Sarki Hasan na 2 na Maroko.

Ci gaba ne, muna murna da shi. Sai dai igiyar yau waya ce, kuma da yawanmu ba mu koyi sha'aninta ba. Ƙwararrun masu gyara kaɗan ne, galibinsu suna manyan garuruwa. Daga Tasawa zuwa Maraɗi ya fi kilomita 100. Salati kuwa ba ya jiran mota.

Wuta tana da hanya kamar ruwa

In ruwa bai kai fangalin ƙarshe ba, mai garka ba ya zargin rijiya. Yana bin hanyar ruwa daga farko, har ya ga inda ta toshe ko ta ɓalle. Haka ake yi wa wuta. Ga wuraren da take bi:

1. Allunan rana, waɗanda muke kira pano. Su ke mai da haske ya zama wuta.

2. Wayoyi. Su ne hanyar da wuta ke bi.

3. Akwati. Shi ke karɓar wuta ya ba famfo. Shi ke cewa a tashi ko a tsaya.

4. Famfo. Yana can cikin rijiya, yana turo ruwa.

5. Masu gadi biyu. Ɗaya yana rataye cikin rijiya, yana sanar da akwati in ruwa ya ja baya. Ɗaya yana cikin tanki, yana sanar da shi in tanki ya cika. Kowanne yana da siririyar wayarsa.

6. Makullin ruwa mai aiki da wuta. Ana samunsa a garaken da ke da agogon ban ruwa.

A ƙauyen da muka ba da labari, wayar mai gadin rijiya ce ta tsinke. Akwati ya daina jin muryarsa, ya ɗauka rijiya ta ƙafe, ya tsai da famfo don kada ya ƙone. Akwatin da aka zarga lafiyarsa lau, aikinsa yake yi.

Kafin a taɓa komai

Wasu suna zaton wutar rana ba ta kisa. Tana kisa. Ƙarfin wuta da bolt ake auna shi, kuma a jikin kaya ana rubuta shi da harafin V. Babban allo guda yana ba da wajen bolt 40, wani ma ya fi. In an jera alluna, ƙarfinsu haɗuwa yake. Alluna 8 suna kai bolt 320. Wutar gidajen birni bolt 220 ce. Kuma muddin haske yana kan allo, akwai wuta a wayarsa, ko da an kashe akwati.

Saboda haka, mai dubawa ya bushe hannunsa, ya sa takalmin roba, kada ya tsaya a jiƙaƙƙen wuri. Ya kashe maɓalli, ya jira minti 5, domin akwati yana riƙe sauran wuta a cikinsa. Kada a cire mahaɗin waya famfo yana aiki. Kada mutum ya yi aikin nan shi kaɗai. A nisantar da yara.

In wuta ta kama mutum, kada a riƙe shi da hannu. A kashe maɓalli, a raba shi da wayar da busasshen icce. Ko ya tashi ya ce ba komai, a kai shi asibiti. Wuta tana iya rikita bugun zuciya, tana kuma ƙona nama daga ciki.

Matakan bincike

Mataki na 1: tambaya. Yaushe ruwa ya tsaya? Farat ɗaya ya tsaya, ko raguwa ya yi ta yi? An yi iska ko tsawa? Wani ya yi haƙa ko shema kusa da waya? Ruwan da ke raguwa a hankali yana nuna ƙura a kan alluna, ko toshewar rariya, ko ja bayan ruwan rijiya. Wanda ya tsaya farat ɗaya yana nuna waya ko fizibil.

Mataki na 2: alluna. Hunturu yana shimfiɗa musu ƙura kowace rana. Tsuntsaye suna kashi a kansu. Iccen da yake ƙarami lokacin da aka kafa su, yanzu ya yi inuwa. Alluna a jere kamar raƙuman ayari suke: in ɗaya ya yi ɗingishi, duk ayari ya rage tafiya. A wanke su da sassafe ko da yamma, da ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi. Kada a zuba ruwan sanyi a kan allo mai zafi da tsakar rana, gilashin yana iya tsagewa. A duba ko iska ta karkatar da su. A ƙasarmu kudu suke fuskanta.

Mataki na 3: fitilun akwati. Akwati yana magana da fitilunsa. Akwatuna sun bambanta, amma da yawansu suna da fitilar da ke cewa wuta ta iso, da mai cewa famfo yana aiki, da mai cewa ruwan rijiya ya yi ƙasa, da mai cewa tanki ya cika. In duk fitilu a mace suke ga rana tsaka, matsalar tana tsakanin alluna da akwati. In fitilar tanki ta ce ya cika, a leƙa tankin. In babu ruwa, mai gadin tanki ne ya maƙale ko wayarsa ta samu rauni. In fitilar rijiya ce ke kunne, a ba ta lokaci. Wataƙila gaskiya take faɗi, ruwa zai taru famfo ya tashi da kansa. In gari ya waye tana nan kunne, a bi wayarta.

Mataki na 4: bin waya da ido. A bi kowace waya daga farkonta har ƙarshenta, ba tare da taɓawa ba. Abokan gabar waya a garka sanannu ne: kusu, gafiya, gara, awaki, bakin hauya da zafin rana mai busar da roba ta tsattsage. A fi lura da mahaɗi, wato inda aka haɗa waya da waya. Nan ruwa ke shiga. In ƙarfen ya yi tsanwa-tsanwa, ko ya yi baƙi, ko roba ta narke, an samu wurin.

Mataki na 5: fizibil. Wata ƴar waya ce da aka yi don ta tsinke in wuta ta yi yawa, ta ceci sauran kaya. Akwai lamba a jikinsa. Wanda aka koya wa shi ke canza shi, da asuba kafin rana ta fito, kuma da mai lamba iri ɗaya. In sabon ya sake tsinkewa, a tsaya nan. Akwai ciwo a gaba, sai ma'aikaci.

Mataki na 6: ma'aunin wuta. Wannan ma na wanda ma'aikaci ya koya wa ne hannu da hannu. A bayan kowane allo akwai takarda mai lambobi. In ta ce bolt 40, kuma alluna 4 ne a jere, ana sa ran wajen 160. Zafi yana ɗan rage lambar, wannan ba laifi ba ne. In ma'auni ya nuna wajen 120, allo ɗaya ba ya ba da rabonsa. In ya nuna 0, hanya ta tsinke a wani wuri.

Idan makulli ya ƙi buɗewa

A garaken da ake ban ruwa ɗigo-ɗigo, wani lokaci tanki cike yake, famfo lafiya lau, amma ruwa bai kai shuka ba. Nan sai a koma ga agogon ban ruwa da makullansa.

A kan kowane makulli akwai wani ɗan kai mai wayoyi biyu. A cikinsa akwai naɗaɗɗiyar waya. In agogo ya aiko wuta, naɗin nan ya zama maganaɗisu, ya ja wani ɗan ƙarfe, ruwa ya ɗaga fatar roba ya wuce. In aka kasa kunne, ana jin ƙas lokacin da ya ja.

Da farko a duba agogo. Batir ɗinsa yana da rai? Lokacin da yake nunawa daidai ne? Agogon da batir ya mace masa yakan manta lokutan da aka tsara masa.

Sannan a ƙidaya. Makulli ɗaya ne ya ƙi, ko dukansu? Makullai suna da waya guda ta tarayya, kowanne kuma yana da tasa. In duka suka ƙi lokaci ɗaya, a tuhumi wayar tarayya, ko fizibil, ko agogo. In ɗaya ne, a tuhumi wayarsa ko kansa.

Ga gwaji mai sauƙi. A murɗa ɗan kan nan kaɗan zuwa hagu, kamar kwatan zagaye. In ruwa ya wuce, hanyar ruwa a buɗe take, matsalar ta wuta ce. Kuma da wannan murɗawar ana iya shayar da shuka da hannu kafin mai gyara ya zo. In ruwa bai wuce ba, a duba rariya da tiyo, wataƙila yashi ne.

Ga gwaji na biyu. A kashe agogo, a cire wayar makullin da ya ƙi, a ɗaura ta a gurbin wanda ke aiki. In ya buɗe, gurbinsa na jikin agogo ne ya lalace. In ya ƙi, matsalar tana waya ko kan makulli. Mai ma'auni zai raba gardama. Da wuta a kashe, ya auna naɗin. Awon da ake yi masa sunansa om. Makullin da ke aiki da bolt 24 yakan nuna om 20 zuwa 60. In lambar ta yi kusa da 0, naɗin ya ƙone ko wayoyi sun haɗe. In ma'auni bai ba da lamba ba sam, waya ta tsinke. Makullan da ke aiki da ƙaramin batir na bolt 9 lambarsu dabam take, sai a dubi takardarsu.

Abu biyu kuma ba laifin wuta ba ne. Makullin da ya ƙi rufewa, sau da yawa ƙwayar yashi ce ta tokare fatar roba, wanki kawai yake so. Makullin da ke yin ƙas amma ruwa ba ya wucewa sosai, wataƙila tanki ne ya yi ƙasa. Irin makullin nan yana son ruwa mai ƙarfin turi, tankin da aka aza a tsayin mita 2 kuwa turinsa kaɗan ne. A tambayi mai sayarwa wannan tun kafin a biya kuɗi.

Dabarun da ke kashe famfo

Akwai gyaran da ya fi ɓarna muni. Wani yakan sa guntun waya ko takardar kwalin taba a gurbin fizibil. Ranar da wuta ta yi yawa, akwati ne zai ƙone a madadinsa. Wani yakan haɗe wayoyin mai gadin rijiya don famfo ya daina tsayawa. Ranar da ruwa ya ja baya, famfo zai yi ta juyawa a bushe har ya mutu. Wani yakan jona wayar cajin salula a jikin alluna. Wani yakan jawo famfo daga rijiya da wayarsa maimakon igiyarsa. Kowace daga cikin dabarun nan tana ba da ruwan yini ɗaya, ta ci kuɗin shekara.

Masu cewa a bar wa ma'aikaci

Mun tattauna da mutanen da ba su yarda da mu ba. Suna cewa wuta ba abin wasa ba ce, ƙaramin sani ƙuƙumi ne, gara a bar komai sai ma'aikaci ya zo. Maganarsu tana da nauyi. Mai gyaran rediyon nan ma da ƙaramin sani ya jefa mata cikin asara.

Amsarmu ita ce a raba aiki. Cikin akwati na ma'aikaci ne. Famfo da wayarsa ta cikin rijiya na ma'aikaci ne. Ƙarfen da ake binnewa a ƙasa saboda tsawa, shi ma nasa ne. Wanda ya buɗe akwati da kansa yana iya rasa garantin da aka ba shi. Amma tambaya, wankin alluna, karanta fitila, bin waya da ido da murɗa kan makulli, waɗannan na masu garka ne. Matakai 4 na farko ba su buƙatar taɓa ƙarfen waya ko kaɗan.

Ma'aikaci ma riba yake samu. In aka kira shi aka ce ruwa ya tsaya kawai, zai zo hannu sake, ya duba, ya koma ya sayo kaya, ya sake dawowa. Tafiya biyu, kuɗin mota biyu. In aka ce masa fitilar rijiya ce ke kunne tun jiya, an wanke alluna, an ga rauni a waya kusa da shinge, ya san abin da zai sa a jakarsa. Wani lokaci ta salula ma zai warware matsalar.

Wasu kuma suna cewa mata ba za su iya ba. Matar da ke gane ciwon akuya daga tafiyarta, ta kuma riƙe lissafin asusun ƙungiya, ba fitila huɗu ce za ta gagare ta ba. Kuma ita ce a garka safe da yamma.

Shawarwarinmu

Ga ƙungiyoyin garake: kowace ta zaɓi mutum 2, aƙalla ɗaya mace, su zama masu lura da famfo. A sayi littafi guda. A shafin farko a rubuta lambobin da ke bayan allo, yawan alluna, sunan akwati da na famfo, da lambar ma'aikaci. Kowace rana a rubuta lokacin da tanki ya cika. In da yana cika ƙarfe 11, yanzu sai ƙarfe 2, ciwo ya fara, tun shuka ba ta ji ba. A ware wani abu daga kuɗin kowane girbi, a ajiye fizibil, batir da robar naɗe waya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga masu kafa famfo da masu ba da taimako: kada ku tafi sai kun bar takarda guda da Hausa, mai bayanin kowace fitila. Ku auna komai ranar da yake lafiya, ku rubuta lambobin cikin littafin ƙungiya. Ku sa wayoyi cikin bututun roba ku binne, ku sa alama a kan hanyarsu. Ku yi wa akwati rumfa, domin zafi yana rage masa kwana.

Ga magadan gari da ma'aikatan gona, daga Korgom da Maijirgi har Sarkin Hausa da Kanembakashe: muna roƙon a horar da samari da ƴan mata kan gyaran famfon rana, yadda kowace karamar hukuma za ta samu nata mai gyara a kusa.

Da muka koma ƙauyen nan bana, mun iske wayar mai gadin rijiya cikin bututu, a binne. Littafi yana rataye cikin leda a ƙarƙashin rumfar akwati. Sau biyu ruwa ya tsaya musu cikin wannan rani. Na farko ƙura ce, suka wanke alluna. Na biyu ya fi ƙarfinsu, suka kira ma'aikaci suka karanta masa abin da suka rubuta, ya zo da abin gyara a tafiya ɗaya. Ranar da muka je, salati suke yanka za su kai kasuwa.

Ƴan uwa, a karanta wannan shafi a taron ƙungiya, a gaban akwati, ana nuna kowane abu da yatsa. A yi haka tun yau, tun ruwa yana zuba.